Mutumin da Ya Dawo da Babanmu Falo

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake ɗaga ƙofar shagonsa, ba ƙari ba ragi. Telan da ke jikin shagon ya ce shi da ƙarar ƙofar nan yake saita agogonsa. Da ya shiga sai ya rataye jakarsa a ƙusa, ya ɗauki tsumma ya bi sifikun da ke jere a kan kanta ɗaya bayan ɗaya yana goge musu ƙura, yana yi yana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa kamar makiyayi yana zagaya garkensa. Sannan ya kunna su. Ba kiɗa yake sa musu ba. Wani tsohon faifai gare shi na wani mutum yana karanta hasashen yanayi na wata shekara da ta wuce tun tuni, shi yake sa wa kowace sifika, ya juya mata baya, ya rufe ido ya saurara.

"Shekara ashirin ke nan," in ji Tela, "kullum da safe ana gaya min gobe za a yi ruwa da iska mai ƙarfi. Har yau ina jira."

In ka tambaye shi me ya hana shi gwaji da kiɗa kamar sauran masu shaguna, sai ya ce kiɗa rufa wa sifika asiri yake yi, muryar mutum ce take tona ta.

Mai Tafi ake ce masa a unguwa, kuma kusan duk mun manta yana da wani suna. Dalili kuwa, duk ɗakin da aka kira shi aiki, yana gama sallama sai ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya, tas, ya karkata kai yana sauraron yadda bango zai mayar masa da amsa. Da rediyo ya fara sana'ar, ya koma gyaran talabijin irin na da masu ƙatuwar ƙeya, waɗanda sai mutum biyu sun ɗauka. Da sirara suka shigo, mutane suka fara kukan ba sa jin magana da kyau, sai ya koma zaɓa musu doguwar sifikar nan mai kama da sanda da ake ajiyewa a ƙasan talabijin, ya je har gida ya haɗa. A ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki, bayan shekara talatin da takwas. Ba a yi taro ba, ba a ba shi lambar yabo ba. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da ya yi mana, ni da gidanmu, da abin da wasu suka gani da idonsu.

Mahaifinmu ya yi shekara talatin da ɗaya a masaƙa, cikin injunan da in suna aiki ko wanda ke gefenka sai da hannu kake masa magana. Ya fito da ƙarfinsa, amma rabin jinsa a can ya baro shi. Bai taɓa yarda ba. A wurin Baba, mutanen yanzu ne suka koyi magana ciki-ciki. Da Yayanmu ya sayo masa sabuwar talabijin, siririya kamar allo, sai abin ya ƙara lalacewa. Hoto tangaran, amma magana ba ta isowa. Baba ya riƙa ƙara murya har gilashin taga yana karkarwa, Mama tana toshe kunne, jikoki suna ficewa waje, shi kuwa duk da haka yana waiwayowa yana cewa, "Me ya ce?"

Rannan Mama ta gaji ta ce, "Malam, wai mu ma so kake ka kurmantar da mu?"

Wasa ta yi, irin wanda suka saba yi wa juna shekara arba'in. Amma ranar bai yi dariya ba. Ya ajiye rimot a kan tebur a hankali, ya tashi ya shige ɗakinsa. Daga ranar ya daina zaman falo. Abinci ma a ɗaki yake ci. In ya ji muna dariya sai ya ɗauka da shi ake. Mama ta ba shi haƙuri har ta gaji, ya ce ai ba komai, kuma kowa ya san da komai.

Ana cikin haka Autarmu ta samu aikin karanta labarai a wani gidan talabijin da ke nesa da mu. Ƙarfe shida na yamma take fitowa. Baba ne ya koya mata karatu a bayyane tun tana 'yar mitsitsiya. Shi yake ɗora ta a cinya ta karanta masa jarida, yana tsayar da ita in ta haɗiye ƙarshen kalma. In shida ta yi sai ya fito ya tsaya a bakin ƙofar falo, ya kalle ta har ta gama, ya koma. In ta kira shi a waya, ya manna wayar a kunnensa na dama, sai ya ce, "Na gan ki. Kin yi kyau. Rigar nan ta karɓe ki."

Bayan wata uku ta kira ni tana kuka. "Yaya, Baba bai taɓa ce min komai a kan karatuna ba. Kullum riga, kullum mayafi. Ko dai aikin ne ba ya so?"

Ban iya gaya mata cewa bakinta kawai yake gani yana motsi ba. Washegari da na tashi daga makarantar da nake koyarwa, na wuce kai tsaye shagon Mai Tafi.

Na nuna wata ƙatuwa da ke can sama, mai zuwa da baƙin akwati na musamman don rugugi. "Kawu, waccan nake so. Wadda ta fi kowacce ƙara."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Gidan rawa za ki buɗe, 'yata?"

"Mahaifina ne ba ya ji sosai."

"Ba ya jin ƙara, ko ba ya gane magana?"

Ni ban taɓa sanin abu biyu ne ba.

"In iska ta bugo ƙofa, yana firgita?"

"Sosai ma. Har faɗa yake yi."

"To ƙara yana ji. Kalmomi ne suke kuɓuce masa. In kika kai masa waccan, azaba kika ƙara masa, don kiɗa da ƙarar mota za ta ɗaga, ta danne muryar mutum." Ya sauko da wata 'yar madaidaiciya wadda ko kallonta ban yi ba. "Irin wannan tana da bakin da aka ware wa magana a tsakiya. Amma ba zan ba ki ba sai na ga ɗakin."

Na ce ai falo falo ne. Ya ce a'a, shi bai taɓa ganin falo biyu masu murya ɗaya ba. Gaskiya raina ya ɗan ɓaci. Na zo da niyyar saye, mutum yana ja min rai, ga shaguna birjik a layin da za su naɗe min abin cikin minti biyar. Na fita har na kama hanya, sai tambayar nan tasa ta ƙofa ta riƙa dawo min. Duk cikinmu 'ya'yan Baba babu wanda ya taɓa lura da abin da wannan mutum ya gano ba tare da ya ko ga Baban ba. Na koma na kwatanta masa gida.

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu ya iso a kan tsohon babur ɗinsa, da jaka a kafaɗa da sifika biyu cikin kwalaye ɗaure a baya. Ya gaisa da Mama, ya tsaya tsakiyar falo, ya tafa.

Mama ta zabura. "Ikon Allah! Wa ya ci gasa?"

Tafin ne ya fito da Baba daga ɗaki, fuska a ɗaure, ya zo ganin wane ne yake masa wasa a gida. Ni dai na san in aka ambaci kunne, magana ta ƙare. Mai Tafi ya je har gabansa ya ɗan rusuna ya gaishe shi. Na lura bai ɗaga murya ba. Fuskantarsa kawai ya yi sosai, yana fitar da kowace kalma a natse.

"Maigida, an ce min ka yi aikin inji. Don Allah kama min bakin awon nan, yaran nan ba su iya riƙewa daidai ba."

Baba ya kama. Suka auna faɗin teburin, suka auna daga talabijin zuwa kujeru. Sannan Mai Tafi ya juyo da talabijin ɗin ya nuna masa wasu 'yan ramuka a bayanta.

"Ka ga matsalar? Masu ƙera ta sun matse ta har suka rasa inda za su sa mata baki, sai suka sa mata a ƙeya. Tun da aka kawo ta da bango take hira, ba da kai ba. Ga ƙasa tayil, ga bango tsirara, magana sai ta yi ta karo kafin ta iso kunne duk ta dagule."

Baba ya juyo ya kalli Mama, ya kalle ni. "Kun ji ko? Kun ji? Ba na faɗa muku ba?"

Mama ta ce, "Mun ji, Malam." Ta juya tana ɓoye murmushi. Wata biyar rabon da ya yi mata magana da wannan muryar.

Daga nan aikin ya zama nasu su biyu, mu 'yan aike. Aka sa ni na ɗauko kafet ɗin da aka naɗe aka jingine a bayan ƙofa saboda wahalar shara, aka shimfiɗa. Aka saki labulen da kullum yake ɗaure. Mama ta so a tura sifikar cikin kabad ɗin ƙasan teburin don kada ta ɓata mata ado, Mai Tafi ya ce, "Mama, in aka sa ki cikin kabad aka ce ki yi magana, wa zai ji ki?" Ta ce ai ita ko a rijiya aka sa ta sai an ji ta, Baba ya ce wannan kam shi shaida ne. Aka ajiye ta a kan teburin, aka jawo ta har leɓen gaba, ya duba ya tabbatar ba ta tare idon da talabijin take ganin rimot da shi ba. Waya ɗaya tak ya sa tsakaninsu. Ya nuna wa Baba ramin da aka tanada don ita a bayan talabijin, ya ce in an sa a nan, rimot ɗaya ya isa, ba sai an yi ta laluben biyu ba. Ya shiga saiti ya rufe bakin talabijin ɗin gaba ɗaya don kada su riƙa magana su biyu, ya rage rugugi, ya ɗaga magana.

Kujerar Baba a lungu take, gefe guda. Ya sa muka jawo ta ta fuskanci sifikar sak. Sannan ya zaunar da shi, ya ce ya rufe ido. Ya sa masa faifan nan na hasashen yanayi a sifikar farko, ya cire ya haɗa ta biyun da ya zo da ita ya sake sawa.

"Wacce, Maigida?"

"Maimaita ta farko." Aka maimaita. Baba ya ɗaga yatsa. "Wannan. Waccan mutumin kamar yana da mura."

"Ni ma ita na zaɓa," in ji Mai Tafi. "Amma kai ne za ka zauna da ita."

Ita ce ƙaramar, mai sauƙin kuɗin. Ya mayar da ɗayar kwali.

Shida ta yi. Auta ta fito, ta yi gaisuwa. Sai ga baki yana gaba, murya tana biye da shi a baya kaɗan, kamar ba nata ba. Baba ya yamutsa fuska. Mai Tafi ya ce a yi haƙuri, ya danna wani wuri sau uku, baki da murya suka haɗu. Baba ya matso gaba a kujera, hannayensa a kan gwiwa. Labari na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Bai ce "me ta ce" ba ko sau ɗaya. Na saci kallonsa na ga leɓensa yana motsi yana bin ta, kamar yadda yake yi tana ƙarama.

Da ta gama ya ce, "Ba ni waya."

Tana ɗagawa ya ce, "Ke, wa yake korar ki? Labari na biyu kin yi gudu. Ki riƙa numfasawa in kin zo aya. Kuma kin haɗiye ƙarshen kalma sau biyu, na ƙirga." Muryarsa ta sauya. "Amma na uku, na asibitin nan, kin karanta shi yadda ya kamata. Na ji ki, uwata. Na ji ki tsaf."

Daga inda nake tsaye ina jin kukanta a wayar. Mama ta shige kicin ta kunna famfo. Na waiwaya neman Mai Tafi, na gan shi durƙushe a bayan teburin ya ba mu baya, yana ta naɗe wata waya da ya riga ya naɗe tun ɗazu.

Da na raka shi bakin ƙofa ina ta zuba godiya, ya tsayar da ni. "'Yata, kada in yaudare ki. Wannan abin talabijin ya gyara, bai gyara kunne ba. Gobe in jikansa ya yi masa magana daga bayansa, ba zai ji ba. Ku kai shi wurin likita."

Na ce mun yi mun yi ya ƙi. Ya ce to, bari mu gani.

Kai ne, Kawu, ka shigo gidan da aka yi wata biyar ana tafiya da sanɗa, ka fita ka bar mutane suna musu a kan wa zai riƙe rimot. Kai ne ka ɗora wa akwati laifi don dattijo ya samu hanyar fitowa daga ɗaki da mutuncinsa, sannan ka tsaya a bakin ƙofa ka gaya wa 'yarsa sauran gaskiyar.

Da na ba Tela labarin sai ya yi dariya ya ce, "Ke yau kika san shi." Ya ce akwai ranar da Mai Tafi ya leƙo ya roƙe shi maɓallan riga guda uku, babba da matsakaici da ƙarami. Ya ɗauka rigarsa ce ta tsinke. Ashe wata tsohuwar malamar makaranta ce da idonta ya mutu, wadda take bin shirye-shiryen talabijin da kunne, ya haɗa mata sifika, ya ga tana fama da rimot mai santsi. Ya manna mata babban maɓalli a wurin kunnawa, matsakaici a wurin ƙara murya, ƙarami a wurin ragewa. Har yau da su take amfani.

Wata ma'aikaciyar jinya kuma, da bakinta ta gaya min nata. A hawa na ƙasa take zaune a wani gidan bene, ga jaririya ko wata biyu ba ta yi ba. Wani sabon maƙwabci ya tare a samanta, ya kira Mai Tafi ya haɗa masa irin mai baƙin akwatin nan. Bayan ya gama haɗawa, sai ya ce wa mutumin ya bar kiɗan a kunne yadda yake so, ya biyo shi. Suka sauko suka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta ce ita ba ta ma san su ba. Mai Tafi ya nemi izini suka shiga, suka tsaya su uku a tsakar ɗakin, cokula suna rawa a cikin kofi, jaririya tana tsala kuka. Bai yi wa mutumin wa'azi ba, ya bar shi ya ji da kansa. Mutumin ya rasa inda zai sa fuskarsa. Suka koma sama, aka janye akwatin daga jikin bango, aka sa masa roba mai kauri a ƙasa, aka yi wa rugugin iyaka. Ta ce yanzu da ta yi wayo, maƙwabcin nan shi yake ɗauko mata yarinyar daga makaranta in aiki ya riƙe ta.

Maganar likita kuwa, ga yadda ta kasance. Bayan mako biyu Mai Tafi ya dawo gidanmu wai ya zo duba waya ko ta yi sako-sako. Ba abin da ta yi. Ya zauna suka sha shayi da Baba, suka yi hirar injuna. Bayan wani makon ya sake dawowa duba wayar. Mama ta ce wannan waya ta fi jariri samun kulawa. A zuwa na huɗu, lokacin har ya koma ce wa Baba Yaya, ina zaune ya ce:

"Yaya, wata alfarma nake nema. Ina so in je a auna min kunne, amma tsoron asibiti nake ji. Ka raka ni."

Baba ya yi masa dariya har da buga ƙafa, ƙato da shi yana tsoron likita. Ya ce zai raka shi. Ni kuwa na ce a raina, kai, mutumin nan ya iya dabara. Suka tafi ranar Talata, aka auna Mai Tafi, sai ya ce ai kunya ce a ce shi kaɗai, Yaya ma ya shiga. Baba ya fito da ɗan abin ji da ake maƙalawa a bayan kunne. Ya yi kwana uku yana mita, a na huɗu ya tsawata wa jikansa da ya yi gunaguni a can ƙofar kicin, yaron ya kusa faɗuwa don mamaki.

Sai daga baya Baba ya gaya min ba dabara ba ce kawai. Ya ce da suka fito, sun zauna a benci a harabar asibitin, Mai Tafi yana riƙe da takardarsa, ya faɗa masa sakamakon. Likita ya gaya masa siraran sauti sun fara tafiya a kunnensa na hagu, na daman ma ya kama hanya, kuma ba za su dawo ba. Ashe ya daɗe yana zargin haka. Tsoron da ya ce yana ji, da gaske yake.

Ya ci gaba da aiki shekara biyu bayan nan, yana jingina da kunnen dama da kuma abin da hannu ya saba. Sai wata rana ya haɗa wa wasu ma'aurata sifika, ya saurara ya ce ta yi, ya fara tattara kayansa. Matar gidan ta ce masa, "Baba, wannan ɗan fiton fa?" Ya ce wane fito? Mijin ma ya ce yana ji, siriri kamar na sauro. Mai Tafi ya kasa kunne iya ƙarfinsa, bai ji komai ba. Bai yi musu ba. Ya ce su riƙa gaya masa, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya gano wadda ta lalace, ya sauya, suka ce ya ɗauke. Daga can shago ya wuce, ya zauna a bencin Tela.

"Na gama," ya ce masa.

Tela ya ce haba, don kuskure ɗaya? Mutane nawa ne suke sana'ar nan da ba su kai rabinsa ba?

Ya ce, "Da matar nan ba ta yi magana ba, da na tafi na bar su da shi, na ce musu ta yi. Mutane kunnena suke yarda da shi. Ba zan sayar musu da abin da ba ni da shi ba."

Ya miƙa wa ƙaninsa shagon, wanda suka daɗe suna aiki tare, ya koma gida.

Ranar da muka je gaishe shi, ni da Baba da Tela, muka tarar da abin da ya ba mu dariya ya kuma ba mu kunya. Talabijin ɗin gidansa irin siraran nan ce, tana ta hira da bango, ba komai a ƙasanta. Matarsa ta ce, "Shekara nawa ina roƙonsa. Kullum sai ya ce gobe. Duk wadda ya kawo gida da sunan tamu ce, kwana biyu sai ya tuna da wani da ya fi mu bukata."

Muka koma wurin ƙaninsa muka zaɓo masa sifika, muka dawo da yamma. Muka zaunar da shi a kujera muka ce yau ba ruwansa, kallo ne nasa. Hannunsa sai ƙaiƙayi yake. Tela ya sa waya a ramin da ba shi ba, Mai Tafi ya ce, "Ramin da ke kusa da shi." Na ajiye sifikar a karkace, ya yi tari har sai da na gyara. Baba ya tsaya a kanmu yana ba da umarni kamar shi ya ƙera ta. Da muka kunna, Mai Tafi ya karkata kai yana saurare. Matarsa ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ka ji?"

Ya gyaɗa kai. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Na ji." Can kuma ya ce, "Ku jawo ta gaba kaɗan. Kamar yatsa biyu."

Mai Tafi, kunnen unguwa, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya da tsawon kwana, ya sa ka huta hutun da ka ƙi yi shekara talatin da takwas.

Ku kuma masu karatu, kowa da sana'arsa. Wanda yake da abin sayarwa, ya ba mutum abin da zai amfane shi ko da ba shi ne ya shigo nema ba. Wanda ya ga ƙarfinsa ya fara gazawa a aikin da aka yarda da shi a kai, ya faɗa da bakinsa tun kafin wani ya cutu. In kuma akwai wanda ya taɓa yi muku irin wannan aikin a gidajenku, ku neme shi tun yana raye. Namu yana nan, kullum da hantsi yana zaune a ƙofar gidansa. In kun je, ku tsaya ta damansa, ku dube shi ido da ido, kada ku yi masa ihu, ba ya so.

Ni na je na faɗa masa tawa godiyar, amma mota tana wucewa a lokacin, ban tabbata duka ta shiga ba, shi kuma ba zai taɓa cewa in maimaita ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ga ta nan, Kawu, baƙi a kan fari. Sa tabarau ka karanta a hankali. Mun gode.